Ɓaunar Amurka da Tambayar Alhaji Sanda

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya shimfiɗa ƙasa ya halatta mana tafiya a cikinta. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Tun da na dawo daga Amurka ban samu sakat ba. A rumfar nama, a ƙofar masallaci, har a wurin gaisuwar mutuwa, sai wani ya matso ya ce, "Malam Umaru, da gaske ka ci naman dodon nan?" Na faɗa har bakina ya gaji. Na kuma lura labarin yana ƙiba a bakin mutane, don ran kasuwa na ji wani yana rantsuwa wai kokawa na yi da dabbar na kayar da ita. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta abin yadda ya faru.

Mu gidanmu Rundawa ne, wato mahauta, tun kaka da kakanni a nan Jega. Ƙanena ya rasu ya bar ɗa guda, Bashar, ni na riƙe shi. Boko ta karɓi yaron, ya tafi Amurka karatun kiwon dabbobi, ya gama ya samu aiki wurin wani mutum mai gidajen cin abinci a garuruwa da dama, dukansu kuwa naman dabba iri ɗaya suke sayarwa. Mun nema masa auren Kulu, ɗiyar Alhaji Sanda na Aliero, babban manomin albasa. An kai gaisuwa an karɓa, saura sa rana.

Ana nan sai Bashar ya turo hotonsa a waya, yana tsaye ƙofar wurin aikinsu. A bayansa an zana dabbar: kai ƙato, gemu har ƙirji, doro, ga gajerun ƙafafu. Hoton ya zaga gari. Wani ya ce gadu ne na ƙasar Turawa, wani ya ce alade ne aka yi masa allura ya girma. Kafin mako ya zagayo magana ta kai Aliero: ɗan Rundawan Jega da haram yake cin abinci.

Alhaji Sanda ya aiko in je. Na same shi a bakin rumbunan albasarsa, muka gaisa har muka ƙare, sannan ya ce, "Malam, ni ba ni aurar da ɗiyata a ciyar da ita da abin da ban sani ba. Yaron ya daɗe yana roƙon ka tafi ka ga wurinsa. Ka tafi. Ba zan sa rana ba, ba kuma zan mayar da kaya ba, sai ka komo. In ka komo tambaya guda zan yi maka: ka ci ko ba ka ci ba?"

Ya san abin da ya sa ya faɗi haka. Kowa a Jega ya san halina, ba na cin naman da ban san wanda ya yanka shi ba. Ko a gidan biki ne, in ban sani ba, sai in ci tuwo in ture tsoka gefe. Auren yaron nan dai ya koma bisa harshena.

Neman izinin shiga ƙasar ya ɗauki watanni. A Abuja wani Bature ya tambaye ni ta bakin tafinta me zan je yi. Na ce, "Zan je in ga wata dabba." Tafinta ya dube ni, ya ce in sake tunani. Na ce to ka ƙara da cewa ɗana ne ke aikin dabbar. Baturen ya yi dariya, ya tambaya ko zan dawo. Na ce wanda ya bar rumfa da iyali da kabarin ubansa a Jega, ina zai zauna? Allah ya taimaka aka ba ni.

Ranar tafiya motarmu ta tsaya a Maiyama, inda uwar Bashar take zaune a gidan 'yan'uwanta. Ta cika mini jaka da yaji da garin ƙuli-ƙuli da kilishi. Alhaji Sanda kuma, duk da maganar da ke tsakani, ya aiko da albasa mai kyau a kai wa yaron, don shi mutum ne da ba ya haɗa faɗa da rowa. Ta rako ni har bakin mota tana cewa, "Yaya, kome kag gani ka hwaɗi gaskiya. Amma ka gani da idon rahama."

A filin jirgin Abuja na fara shan kunya. Wuƙar yanka ta mahaifinmu, wadda ba na rabuwa da ita, tana cikin kube a ƙuguna. Na bi ta wata ƙofa mai ƙara, ƙofar ta yi kuwa. Da ma'aikaci ya zaro wuƙar sai layi ya watse. Na ce, "Ɗana, mahauci ne ni, ba ɗan ta'adda ba." Ya ce, "Baba, ko Sarkin Fawa ne kai, ba ta shiga jirgi a jikinka." Aka maido da babban akwatina aka sa ta ciki.

Tafiyar sama ba abin da zan ce sai dai rana ta ƙi faɗuwa. Muna bin ta tana gudu, na rasa azahar na rasa la'asar, na yi ta salla a zaune ina neman gafara. Abincinsu kuwa burodi kawai na ci da shayi.

Da muka sauka, ana jiran kaya, sai ga wata ma'aikaciya da ɗan kare mai dogayen kunnuwa. Karen ya wuce kowa, ya zo ya zauna a gaban jakata kamar ya zo gaisuwa. Aka buɗe. Kilishi ya tafi, albasar Aliero ta tafi, don dokarsu ba ta yarda a shigo da nama ko ɗanyen amfanin gona ba. Na roƙi matar ta ɗanɗana ko ɗaya kafin ta zubar, ta yi murmushi ta ƙi. Yaji da garin ƙuli ta shinshina, ta yi atishawa, ta maido mini. Wuƙa kuwa ba wanda ya ce mata uffan.

Bashar ya tarbe ni ya durƙusa har ƙasa a tsakiyar mutane, Turawa suna kallo. Garinsu yana wata jiha mai duwatsu da fili, sanyi kamar a cikin randa. Ɗakinsa yana bene, maƙwabcinsa na jikin bango ya shekara bai san sunansa ba. Mutanen ba su da mugun hali, duk wanda kuka haɗa ido sai ya yi maka murmushi, amma ba mai tambayar ka iyali ko gajiya. Na tashi salla na fuskanci gabas yadda na saba tun ina yaro, Bashar ya kama kafaɗata ya karkata ni wajen arewa. Ya ce, "Baffa, nan alƙibla ta gusa." Na ce ba ita ta gusa ba, mu muka gusa.

Washegari na ce a kai ni gidan abincin. Wuri ne mai tsabta, tebura na katako, iyali da yara suna ci suna hira, ba na manyan mutane kaɗai ba. A bango an kafe busasshen kan dabbar. Sunanta baisin. Na tsaya ƙarƙashinsa na duba ƙaho, na duba hanci da leɓe, na ce wa Bashar, "Wannan ai ɓauna ce ta sa bargo." Hankalina ya kwanta rabi.

Wata yarinya ta zo ta gaya mana sunanta tun ba mu tambaya ba, ta ajiye mana ruwa cike da ƙanƙara a cikin wannan sanyi. Naman suna niƙa shi ne su gasa su sa tsakanin burodi biyu, ko su yanka shi da kauri su gasa bayansa su bar cikinsa ja. Ta tambaya yaya nake son nawa, ja sosai ko ja kaɗan. A Jega mai tsire ya miƙo maka nama da jini, ai faɗa ya tashi. Na ce a dakata tukuna. Na juya ga Bashar na ce, "Wa ke yanka ta?"

Ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Baffa, ba a yanka ta. Harbe ta ake yi a ka, sai ta mutu sannan a zubar da jini. Ni kaina ban taɓa ci ba, kifi nake ci."

Na ce, "To me kake yi musu?"

Ya ce, "Ni ke duba lafiyar garken, ni ke kula da mayanka, ni ke raba nama ga gidajen."

Ran nan kifi da dankali na ci, ban ji ɗanɗanonsu ba. Dabba halal ce, amma nama mushe ne. Da a daji take ta gagari kamu, maharbi ya yi bisimilla ya harbe ta, ta ciwu. Amma wadda ke cikin shinge a hannun mutane, ba ta halatta sai da yanka. In na koma na ce wa Alhaji Sanda ban ci ba, aure ya mutu. In na ce na ci, na yi ƙarya a kan abin da zan tsaya gaban Allah da shi.

A mota Bashar ya ce ya daɗe yana roƙon maigidansa, wani dattijo mai suna Wolta, ya yarda a riƙa yankan Musulunci, don garin akwai Musulmi da yawa, Somaliyawa da Larabawa da mutanenmu, kullum suna tambaya. Wolta ya ce bai ƙi ba, amma bai taɓa ganin wanda ya sa wa baisin wuƙa a wuya tana da rai ba, kuma ba zai bari a wahalar da dabbarsa ko a kashe masa ma'aikaci ba. Na ce, "Kai fa? Ba jinin Rundawa ne kai ba?" Ya ce, "Baffa, rago kaɗai na taɓa yankawa, shi ma kai ka riƙe mini hannu." Na ce a kai ni wurin Wolta.

Gonarsa ta fi daga Jega zuwa Kimba faɗi a idona. Shi kuwa dogo ne, jar fuska, da malafa, hannunsa kaushi kamar na manomi. Ya tambaya ta bakin Bashar yadda muke yi a gida. Na bayyana masa: a jefa wa sa igiya a ƙaho, a ɗaure ƙafar baya, samari su ja ya faɗi, a juya shi alƙibla. Na ce a ba ni igiya da ƙarti huɗu. Wolta ya ce mu je in gai da dabbobin tukuna.

Muka je bakin shingen ƙarfe. Ga su nan tsaye shiru, tururi yana fita hancinsu. Na ga wani babba a kusa, na miƙa hannu ina yi masa irin kiran da Fulani ke yi wa shanu, ina tsotsar baki. Ban ga lokacin da ya taso ba. Ƙarar da shingen ya yi kawai na ji, sai na tsinci kaina zaune cikin taɓo, hulata can, takalmi ɗaya can. Wolta ya ɗaga ni yana dariya har da hawaye, ya ce wa Bashar, "Tambayi babanka, ƙarti nawa ya ce?" Na ce a gaya masa na janye maganar igiya. Wannan ita ce kokawar da ake cewa na yi.

Daga nan muka fahimci juna. Ya nuna mini wani akwatin ƙarfe a mayankarsa, wanda dabba ke shiga ta wani lungu, ya matse ta a hankali, wani ƙarfe ya tallafe haɓarta ya ɗaga kai. Ni kuma na zaro wuƙar mahaifinmu na aske gashin hannuna da ita a gabansa. Na gaya masa abin da aka koya mana: ba a wasa wuƙa a gaban dabba, ba a yanka wata a gaban wata, kuma hannu ba ya ɗagawa sai an gama. Ya ce shi ma abin da yake so ke nan, kada ta san abin da ya same ta. Ya ce za a gwada, likitar gwamnati tana tsaye, shi kuma da bindiga a hannu. In na yi jinkiri ko na kuskure, zai harba, magana ta ƙare har abada.

Akwatin ba ya kallon alƙibla, kuma a kafe yake da ƙasa. Na ce ba kome, fuskantar alƙibla abin so ne, ba sharaɗi ba. Abin da ya dame ni gemun ne. Gashin wuyan dabbar nan ya fi tabarma kauri, cike da ƙasa, wuƙa in ta bi ta cikinsa ta dakushe kafin ta kai fata. Na roƙi busasshiyar fatar wata da aka feɗe, na yini ina shafa wuyan ina neman inda gashin ya rabu. Na same shi, can sama kusa da muƙamuƙi.

Ranar da aka sa, na yi alwala na yi nafila. Aka shigo da wani bijimi, ƙarfe ya ɗaga haɓarsa, idonsa yana juyawa. Na matsa kusa da shi. Na raba gashin da hannun hagu, na ce Bismillahi Allahu Akbar, na ja. Maƙogwaro da jijiyoyin wuya biyu suka rabu a ja ɗaya, jini ya yi tsartuwa har bango. Kafin in ja da baya jikinsa ya saki. Likita ta taɓa idonsa, ta ɗaga kai ta yi wa Wolta alama. Wolta ya sauke bindiga ya jingine ta, ya cire malafarsa.

Bashar ya rungume ni yana cewa, "Baffa, shi ke nan!" Na ce, "Shi ke nan me? Ni baƙo ne, gida za ni. Wa zai yanka ta gaba?" Na wanke wuƙar, na fita da ita waje na wasa, na dawo na miƙa masa ta wajen ƙota. Ya karɓa. Na ce, "Kakanka da ita ya yanka bijiman da suka fi ƙarfin igiya. Ba zan riƙe maka hannu ba yau." Aka wanke wurin, aka shigo da ta biyu. Na tsaya a bayansa. Ya raba gashi, ya ambaci Allah da murya mai ƙarfi, ya ja. Da na duba yankan, zakaran wuya yana wajen kai yadda ake so, ba inda ya saura. Na juya fuska don kada Turawa su ga tsoho yana hawaye.

Wurin fiɗa na ga tumbi da kayan ciki sak na saniya. Abin da ya yaudare ni doron ne. Na ɗauka tozo ne, har miyau ya tsinko mini, ashe tsoka ce zalla da ƙashi. Naman nan ba shi da kitse ko kaɗan. Tsiren farko da na yi da shi a bayan mayanka ya bushe kamar takalmin fata, har karen Wolta ya shinshina ya wuce. Na biyu na yanka shi da ɗan kauri, na shafe shi da man gyaɗa, na birkiɗa shi a garin ƙulin Maiyama, na ja shi nesa da wuta. Daga yankan Bashar na zaɓa. Na yi bisimilla na kai baki. Jama'a, naman yana da zaƙi, ya fi na sa laushi, ba shi da ƙarni. Wolta ya ci tsinke ɗaya, yaji ya kama shi, yana tari yana share ido yana miƙo hannu a ƙara masa.

Ranar Juma'a muka kai sauran naman zuwa masallacin garin. Wani tsoho Basomale ya riƙe hannuna ya ce ya shekara da shekaru yana wuce gidan abincin nan yana jin ƙamshi. Kafin in taso, Wolta ya tsayar da magana: yanka a mayankarsa ya koma hannun Bashar, kuma za a nemo wani Musulmi ya koya a wurinsa. Tsire ma ya ce za a gwada a ɗaya daga gidajen, da yaji kaɗan.

Na biyo hanyata ta dawowa lafiya, na kwana Maiyama na ba uwar yaron labari, ta yi ta guɗa har maƙwabta suka leƙo. Ban sauka gidana ba sai da na wuce Aliero. Na sami Alhaji Sanda a inda na bar shi, da mutane kewaye, don labarin isowata ya riga ni. Muka gaisa, aka kawo ruwa. Na fiddo waya zan nuna masa hoton yankan, ya ture ta da bayan hannu.

Ya ce, "Bakinka na aika, ba waya ba."

Na ce, "To kafin ka tambaya, ka ji abin da ba ka tambaya ba. Dabbar ɓauna ce. Sa'ad da na isa, harbe ta ake yi, yaron bai taɓa ci ba, amma a cikin aikin yake. Kuma a gidajen abincin ana sayar da giya. Shi ba ya ɗaukar ta, ba ya miƙa ta, aikinsa a mayanka yake."

Alhaji Sanda ya ɗauko carbinsa. Ya ja shi, sannan ya ce, "Ka ci ko ba ka ci ba?"

Na ce, "Na ci, har na nemi ƙari."

"Yankan wa?"

"Yankan Bashar, ina tsaye."

Ya dube ni daga sama har ƙasa, idonsa ya tsaya a ƙuguna. Ya ce, "Malam, tun muna samari ban taɓa ganin ka ba wuƙar nan ba. Ina take?"

Na ce, "Na baro ta inda aiki yake."

Alhaji Sanda ya yi murmushi, ya juya ga ƙanensa ya ce, "A kawo goro. Bayan an cire albasa za a ɗaura." Sai ya matso kusa da ni ya rage murya, ya ce, "Albasata fa, yaron ya yaba?"

Na ce, "Alhaji, wannan sai ka tambayi karen filin jirgi."

An ɗaura auren Bashar da Kulu bayan cirar albasa, kamar yadda ya ce. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya komo da ni, bai kuma sa na yi ƙarya ba. Nan na ajiye alƙalami.